Yadda Ake Raɗa Wa Ƙaramar Duniya Suna, Tun Daga Farautarta Har Fitowar Sanarwa

Kafin komai, mayar da kuɗinka aljihu. Duk shafin intanet da ya ce ka turo dala kaza zai sa wa tauraro ko wani dutsen sararin samaniya sunan mahaifiyarka, takarda mai ado kawai zai aiko maka, sunan kuma ba zai wuce littafin kamfanin ba. Na ga irin takardar nan an yi mata firam an rataye a falo a Agege, mai gidan yana nuna wa baƙi da zuciya ɗaya, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Hukuma ɗaya ce masana suka amince ta raɗa irin waɗannan sunaye, wato Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, IAU, wadda aka kafa a 1919, kuma ba ta karɓar ko kobo. Hanyar gaskiya kyauta ce, sai dai tana cin shekaru. Yawancin waɗanda nake gani suna faɗuwa, a makon farko suke faɗuwa, a kan mataki guda da zan daɗe a kansa nan gaba.

Ƙananan duniyoyin da muke magana a kai duwatsu ne masu zagaya rana kamar yadda duniyarmu take yi, mafi yawansu a tsakanin Mars da Jupita. Wasu faɗinsu 'yan mitoci ne. Babbar cikinsu a wannan yanki, Ceres, ta kai kusan kilomita 940, kuma ita aka fara ganowa, ranar 1 ga Janairu 1801, ta hannun Giuseppe Piazzi a birnin Palermo na tsibirin Sisili. Yau an san sama da miliyan ɗaya, an ba fiye da 600,000 lambar dindindin, amma masu suna ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu lambar ba. Gurbi yana nan birjik. Masu ikon cike shi ne suka yi kaɗan.

Mataki na ɗaya: san matakai ukun da sunan yake bi

Wanda bai gane wannan ba shi ne yake fara rubuta sunan kakarsa a takarda tun bai ga ko ɗigo ba. Dutse yana fara samun laƙabin wucin gadi daga Cibiyar Ƙananan Duniyoyi, MPC, da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka. Daga baya ya samu lamba. Sai bayan lambar ake maganar suna.

Ɗauki Bennu, dutsen da jirgin hukumar NASA mai suna OSIRIS-REx ya je ya ɗebo wa ƙasa, ya jefo ta a hamadar jihar Utah ranar 24 ga Satumba 2023. Da aka gano shi a 1999, abin da aka rubuta masa shi ne 1999 RQ36. Harafin farko yana nuna rabin watan da aka gan shi: A na 1 zuwa 15 ga Janairu ne, B na sauran Janairu, haka za ka yi ta bi har Y, ana tsallake I. Idan ka ƙirga za ka ga R ya faɗa 1 zuwa 15 ga Satumba. Harafi na biyu da lambar da ke binsa layin rajista ne. Kowane zagaye haruffa 25 ne, 36 sau 25 ya ba da 900, Q kuma shi ne na 16, jimla 916. Wato shi ne na 916 da aka yi wa rajista a wannan rabin watan. Ka koyi wannan lissafi da hannunka, domin da shi za ka riƙa karanta duk abin da za a aiko maka. Daga baya dutsen ya samu lamba 101955, sunan Bennu kuma sai 2013, kusan shekara 14 bayan ganowa.

Ikon ba da shawarar suna yana hannun wanda MPC ta rubuta a matsayin mai ganowa, na tsawon shekara 10 daga ranar da aka ba da lambar. Saboda haka duk aikin da ke gabanka shi ne neman shiga layin masu ganowa.

Mataki na biyu: kayan aiki da rajista

Kada ka sayi madubin hangen nesa don wannan aiki. Sararin Legas bai dace ba: fitilun gari, hayaƙin janareto, gajimaren damina da ba ya ɗagawa, sannan ƙurar hunturu. Ko a daji kake, ƙaramin madubi ba zai nuna maka sabon dutse ba, domin masu haske duk an kama su tuntuni. A ma'aunin hasken taurari, lamba tana hawa ne haske yana raguwa. Ido yana tsayawa a wajen 6, waɗanda za ka farauta kuwa suna wajen 21, wato sun fi abin da ido ke iya gani dushewa sau miliyan guda.

Abin da za ka yi shi ne shiga shirin IASC, wani haɗin gwiwar farautar duwatsun sama da Patrick Miller ya kafa a 2006 a Jami'ar Hardin-Simmons da ke Texas. Suna karɓo hotuna daga na'urar Pan-STARRS, mai madubin mita 1.8, da ke kan dutsen Haleakala a Hawai, su raba wa ƙungiyoyin ɗalibai da masu sha'awa a ƙasashe da dama, har da na Afirka, kyauta. Zango-zango suke yi, kowanne kamar wata guda, rajista kuma takan cika da wuri. A ƙungiyance ake shiga. Ni dai ka'idata mutum uku ko huɗu. Idan kun kai goma kowa zai bar wa ɗan'uwansa aikin, idan kai kaɗai ne ba mai kama maka kuskure.

Kwamfuta mai Windows ake buƙata. Waya ba ta yi, komai tsadarta, kuma kada ka ɓata mako guda kana neman dabarar da za ta sa ta yi. Ta hannu daga Computer Village a Ikeja ta wadatar, ba sai sabuwa ba. Abu biyu za ka duba kafin ka biya: batirin da zai riƙe awa biyu ko uku idan an ɗauke wuta, da fuska lafiyayyiya wadda babu tabo ko layi a jikinta. Mutane suna tambayar saurin inji su manta da fuska, alhali tabo ɗaya a gilashin zai iya sa ka kwana kana bin abin da babu shi. Ka haɗa da linzamin kwamfuta na waje, ko mai araha ne, domin yatsa a kan faifan taɓawa ba ya saita ɗigo daidai. Batun data kuwa, hotunan suna da ɗan nauyi, a sauke su da garaɓasar dare a kwamfuta ɗaya, sauran su kwafa ta filashi.

Mataki na uku: shirya manhaja

Sunan manhajar Astrometrica, wani ɗan Ostiriya mai suna Herbert Raab ya rubuta ta. Ka sauke ta daga shafin IASC, ba daga wani wuri ba, domin tasu tana zuwa da fayil ɗin saitin da ya dace da hotunan Pan-STARRS. Kafin kowane zama ka sabunta kundin sanannun duwatsu, wanda ake kira MPCOrb. Sai ka buɗe hotuna huɗun da ke cikin ƙunshi ɗaya, ka danna Data Reduction don manhajar ta daidaita taurarin hoton da kundin taurari, a nan kana buƙatar intanet. Daga nan ka danna Known Object Overlay, za ta zagaye duwatsun da aka riga aka sani da jan akwati. Akwai hotunan gwaji da suke bayarwa kafin zango ya fara. Ka yi su duka, ka maimaita, kada ka tsallake don kana ganin ka gane.

Mataki na huɗu: bambance dutse da ƙarya

Nan ne wurin. Hotunan huɗu na yanki ɗaya ne na sama, an ɗauke su a dare guda da tazarar mintuna a tsakani. Idan ka danna Blink, manhajar za ta riƙa nuno su ɗaya bayan ɗaya a jere. Taurari suna nan inda suke, dutse kuwa zai riƙa gusawa kaɗan-kaɗan. A faɗe abu ne mai sauƙi. A aikace, da zarar hotunan sun fara juyawa sai ka ga fuskar duk tana motsi, ɗigo yana fitowa nan ya ɓace can, kuma ido da zuciya suna son su haɗa waɗannan ɗigogi su mai da su tafiya.

Abin da nake yawan ji a zaman farko shi ne, "Malam, ga shi nan, wallahi yana tafiya!" Amsata kullum ita ce, "To ƙanena, tsayar da shi, mu bi shi hoto-hoto." Da an tsayar, mafi yawan lokaci sai a ga ɗigon yana hoto na ɗaya, babu shi a na biyu, a na uku kuma wani ne dabam a gefe. Irin waɗannan daga kyamarar suke, ko ƙwayar da ta lalace a jikinta, ko wani burbushin haske daga sararin samaniya da ya bugi na'urar a daidai lokacin ɗauka. Suna da kaifi, suna da ƙyalli, shi ya sa suke jan idon sabon shiga fiye da dutsen gaskiya, wanda sau da yawa dishi-dishi yake.

Ga abin da za ka tambayi kowane ɗigo. Shin yana nan a aƙalla hotuna uku cikin huɗu? Idan a biyu kawai ya fito, bar shi, komai kyansa. Shin tafiyarsa a miƙe take? A ɗan lokacin da ke tsakanin hotunan nan dutse ba ya kwana, ba ya lanƙwasa, ba ya komawa baya. Ka ɗora ƙarshen takarda ko rula a kan gilashin ka gani da idonka, kada ka yarda da abin da kake tsammani. Sannan takunsa: nisan da ya yi daga hoto na ɗaya zuwa na biyu ya zo daidai da na biyu zuwa na uku? Wanda ya yi ɗan taku sannan ya yi tsalle, ƙarya ne. Wannan gwaji na taku shi mutane suka fi mantawa, su ga layi ya miƙe su ce shi ke nan.

Idan ya tsallake waɗannan, sai ka danna shi. Taga za ta buɗe ta nuna maka ɗigon a kusa, da wasu lambobi. Biyu ne naka. Ta farko SNR, wadda ke auna yadda hasken ɗigon ya rinjayi hayaniyar da ke bayansa, ana so ta wuce 5. Ta biyu ma'aunin haskensa, wanda bai kamata ya sauya da fiye da 1 tsakanin hotunan ba. Wanda ya ba ka 20 a nan, ya ba ka 22 a can, ba abu ɗaya kake aunawa ba. A ƙasan tagar akwai zanen yadda hasken ya bazu. Na gaskiya yana tashi a tsakiya ya gangaro ta kowane gefe a hankali, kamar malmalar tuwo, ɗigogin zanen kuma suna manne da layin. Idan ka ga tsini guda siriri, ko ɗigogi a warwatse ba tsari, rufe tagar ka wuce.

Akwai wurare uku da nake hana sababbi aunawa sam: gefen hoto, bakin layukan nan da ke raba ɓangarorin kyamara, da kewayen babban tauraro mai ƙyalli. Ƙarya ta fi taruwa a nan. Gogagge yana iya tsamo abu a wurin, sabo kuwa ya bari sai zango na biyu.

Yadda ake kallon ma yana da tasiri. Wasu suna barin hoton a ƙanƙance su ce sun duba, wasu su faɗaɗa shi har ya zama tubali-tubali. Ninki biyu ya isa. Ka raba hoton gida huɗu a ranka, ka gama gida ɗaya kafin ka shiga wani, kuma ka rage saurin juyawar har idonka ya iya bi ba tare da wahala ba. Bayan minti ashirin ka tashi ka kalli nesa. Wanda ya yini a kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago, ya sha gosulo kafin ya iso gida, kada ya zauna wannan aiki bayan Isha'i. Ido a gajiye yana ƙirƙiro motsi. Ya kwanta, ya yi bayan Asuba, lokacin ma unguwa ta fi shiru. Kuma mutum biyu su duba ƙunshi ɗaya kowa shi kaɗai, ba tare da ɗaya ya gaya wa ɗaya abin da ya gani ba, sannan a haɗa. Abin da duka biyun suka gani shi ne abin aunawa.

Dalilin da ya sa nake tsanantawa shi ne rahoton ƙarya ba kai kaɗai yake cuta ba. Akwai mutanen da za su zauna su tantance shi, lokacinsu ya tafi a banza. Ƙunshi da yawa babu komai sabo a cikinsu, wannan kuma ba gazawarka ba ce. Gwamma ka ce ban ga komai ba sau goma da ka aika ƙarya guda.

Mataki na biyar: rahoto da jira

Ka ba ɗigon laƙabi na haruffa uku da lambobi huɗu, kamar AGE0001, ka danna shi a kowane hoto da wannan laƙabi ɗaya, ba sabo ba. Manhajar za ta haɗa rahoton MPC da kanta. Kwafe shi yadda yake ka liƙa a shafin IASC, kada ka gyara ko tazara ɗaya da hannu. Ko ba ka ga komai ba ka aika rahoton. Kafin ka buɗe sabon ƙunshi ka danna Reset Files, in ba haka ba awon jiya zai shiga rahoton yau. Kada ka bar ƙunshi ya kwana uku a hannunka.

Idan rahoton ya karɓu za a sa shi a jerin gani na farko. Wannan gani ne na dare ɗaya tak, kuma da yawa a nan suke tsayawa. Sai an sake ganin dutsen a wani dare, an haɗa hanyarsa, sannan MPC ta ba shi laƙabi irin na 1999 RQ36. Don Allah a wannan gaɓa kada ka je gidan rediyo ko Facebook ka ce ka gano duniya har ka sa mata suna. Za a ba ku takardar shaidar shiga, ku yi murna da ita a matsayinta. Lamba kuwa sai an san hanyar dutsen sosai, yawanci bayan an gan shi a zuwa huɗu, wato lokutan da duniyarmu ta shiga tsakaninsa da rana. Ga duwatsun tsakanin Mars da Jupita, zuwa ɗaya da na gaba ya fi shekara guda, ka ga maganar shekara biyar, wani lokaci goma. A kundin MPC sunan Pan-STARRS ne zai fito a matsayin mai ganowa, shawarar sunanku ta hannun IASC za ta bi.

Mataki na shida: zaɓen sunan

Kwamitin IAU mai kula da sunayen ƙananan duniyoyi, WGSBN, shi yake jefa ƙuri'a a kan kowane suna. Ka'idojinsa: kada ya wuce haruffa 16, an fi son kalma ɗaya, ya furtu a wani harshe, kada ya zama zagi ko ɓatanci, kada ya yi kama sosai da sunan da aka riga aka bayar. Ba sunan kamfani ko haja. Mai ganowa ba ya sa sunan kansa, wannan al'adar tauraruwa mai wutsiya ce, ita ce ke ɗaukar sunan wanda ya gano ta. Sunan dabbar gida ma ba a so, tun bayan da wani masani ya sa wa dutse mai lamba 2309 sunan kyanwarsa.

Haruffa 16 sun fi ba mu wahala fiye da Turawa, saboda mun saba jero Alhaji da Malam da Dakta da sarauta kafin a kai ga sunan. Duk za a sauke su. Hatta Muhammad Alkashnawi, idan ka ƙirga da tazarar tsakiya, 19 ne, ya wuce. Alkashnawi kaɗai 10 ne, ya shiga. Idan sunan yana da ɗ ko ƙ ko ɓ, ka aika da shi a rubutunsa na daidai, ka haɗa da wanda babu lanƙwasa. Kada ka ji tsoron harshenka, domin dutse mai lamba 229762 yana ɗauke da suna daga harshen Juǀʼhoan na Namibiya, har da alamomin ƙas-ƙas ɗin harshen.

Ka'idar da ta fi karya wa mutanenmu gwiwa ita ce ta siyasa. Wanda aka san shi da siyasa ko aikin soja, sai ya shekara 100 da rasuwa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun rasu a 1966, sai 2066 ke nan. Janar Murtala sai 2076, Malam Aminu Kano sai 2083. Da na faɗi haka nakan ga fuskoki sun sauya, amma ni ina bayan ka'idar. Tun ranar farko aka fara wannan rigima: Piazzi ya so ya kira abin da ya gano Ceres Ferdinandea don girmama Sarki Ferdinand, masanan sauran ƙasashe suka ƙi, aka yanke rabin sunan. Da an bar ƙofar a buɗe, da kowane mai mulki ya cika sama da sunansa da na iyalinsa.

Wasu rukunan kuma suna da nasu tsarin. Masu raka Jupita a hanyarsa galibi sunayen mayaƙan yaƙin Troy na tatsuniyar Girkawa ake ba su, tun daga 588 Achilles a 1906. Masu kusanto duniyarmu daga tatsuniyoyin al'ummai ake samo musu, irin su 99942 Apophis, wanda zai gifta mu da nisan kimanin kilomita 32,000 ranar 13 ga Afrilu 2029, har a gan shi da ido daga Afirka. Naka dai kusan tabbas na tsakanin Mars da Jupita zai zama, inda aka fi sakin hannu.

To wa ake girmamawa? Duba jerin ka ga malamanmu na da suna ciki: 9936 Al-Biruni, 2755 Avicenna wato Ibn Sina, 59239 Alhazen wato Ibn al-Haisam, 12621 Alsufi. Akwai 7060 Al-'Ijliya, don wata mata mai ƙera na'urar auna taurari a birnin Halab a ƙarni na 10. A 2015 Amy Mainzer ta NASA ta sa wa dutse mai lamba 316201 sunan Malala. A 2021 aka sa wa 35462 suna Maramkaire, don Maram Kaire na Senegal, saboda aikinsa na yaɗa ilimin taurari a ƙasarsa. Sunayen wuraren Afirka da yawa kuwa, irin su 1193 Africa, 1278 Kenya, 1279 Uganda, 1428 Mombasa da 1432 Ethiopia, mutum ɗaya ne ya gano su, Cyril Jackson, a Johannesburg cikin shekarun 1930. Abin lura a nan shi ne wanda yake zaune gaban hoton shi yake zaɓen wanda za a tuna. Gabashi da kudancin Afirka sun samu wannan rabo ne don akwai mai aikin a kusa da su.

Shawarata, idan Allah ya kai ku, ku duba malamai da masu sana'a. Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864 bayan ta kafa tsarin karantar da mata har ƙauyuka. Ladi Kwali mai ginin tukwane, wadda hotonta ke jikin naira 20. Ko malamin firamaren da ya koya maka lissafi, domin ba sharaɗi ba ne mutum ya yi fice, kuma ba sharaɗi ba ne ya rasu. Idan yana raye ka nemi izininsa. Kafin ku tsayar, ku shiga kundin ƙananan duniyoyi na JPL, wata cibiyar bincike ta NASA, a intanet, ku rubuta sunan da makamantansa, ku tabbatar ba a riga ku ba, kuma ku tanadi na biyu.

Tare da sunan ake aika ɗan bayanin dalili, da Turanci, bai wuce haruffa 360 ba. Ba wurin kirari ba ne. Cikakken suna, shekarar haihuwa da ta rasuwa, abin da ya yi, shi ke nan. Ka ba wanda ya iya Turanci sosai ya duba maka. Suna ba ya tabbata sai ya fito a mujallar sanarwa ta WGSBN, wadda ta fara fita a 2021 kuma kowa yana iya karanta ta a intanet. Kafin nan a yi shiru, kada a buga kati, kada a kira walima.

Ga wanda ba zai iya farautar ba, akwai gajerun hanyoyi, duk da ba su da tabbas. Gasa: sunan Bennu wani yaro ɗan shekara 9 daga jihar North Carolina ne ya kawo shi. Gasar kimiyya ta ɗalibai: ta nan Siyabulela Xuza na Afirka ta Kudu ya samu 23182 Siyaxuza. Ko ka rubuta wa masanin da ke da duwatsu masu lamba marasa suna wasiƙa mai ladabi, da sunan da bayanin a shirye. Yana iya amsawa, yana iya yin shiru, kuma kada ka yi masa tayin kuɗi.

Abu na ƙarshe da ƙungiyoyi ke sakaci da shi: adireshin imel. Zaman Legas yau kana Idi-Araba gobe ka koma Kano ko Zariya, waya ta ɓace, layi ya mutu. Saƙon cewa dutsenku ya samu lamba zai iya zuwa bayan shekara bakwai, kuma imel ɗin rajista zai bi. Ku buɗe na ƙungiya tun farko, mutum biyu su san kalmar sirrin, a riƙa leƙa shi ko sau ɗaya a wata. Laƙabin kowane ɗigo da kuka aika, da ranar, da sunan ƙunshin, da laƙabin da MPC ta ba shi daga baya, a rubuta su da biro a littafi, a kuma ajiye kwafi a cikin imel ɗin.